An binne Murtala layina yana cikin rauta

Da safen nan labarin ya iso ni. Murtala mai gyaran waya na Tudun Wada ya rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Tun jiya Laraba ya rasu. An yi masa sutura bayan Azahar, an kai shi, an dawo, ni ina zaune a shagona a Ƙofar Kware ina jin haushinsa.

Tare muka yi firamare da shi. Tun muna aji uku ya laƙaba mini Mantau, don kullum sai na bar wani abu a makaranta, ko fensir ko takalmi. Na girma, na yi iyali, kowa yana ce mini Malam Kabiru, shi bai taɓa sauya mini suna ba.

Bara na sayi rauta ta hannu, irin na'urar wayifai da ake sa wa layi, don aikin buga takardu da nake yi. Mai ita na farko ya sayar bai ba da faswod ba, wato kalmar sirrin shiga. Na kai wa Murtala raina a ɓace, ina cewa an cuce ni. Dariya ya yi. Ya ciro tsinken sakace daga aljihu, ya zura a wani ɗan rami a bayanta, ya danne yana ƙirga har talatin. Fitilun suka mutu, suka dawo.

Ya ce, "Shi ke nan, ta mance mai ita. Yanzu kun zama ɗaya kai da ita."

Ya sa wa wayifai ɗin suna Gidan Mantau. Takardar da ke manne a ƙasanta, mai lambobin kamfani, ya lulluɓe ta da salatif don kada ta goge. Na miƙa masa na goro, ya ture hannuna.

Abu ɗaya ya hana ni ranar. Ya ga ina cire tsohon layina daga waya zan sa a ciki, saboda shi ke samun data mai araha. Ya ce, "Kak ka sa wanga layi, shi mutane sunka sani. In an neme ka fa?" Na ce wa zai neme ni. Na sa. Na sayi sabon layi na kira, ban kuma damu da raba lambar ba.

Makon jiya na ga data tana ƙarewa da wuri, na zargi maƙwabta. Na shiga na canza faswod ɗin wayifai, na canza har da na shiga saitin rautar, ban rubuta ko ɗaya ba. Washegari duka biyun sun fita kaina.

Ranar Litinin na ɗauki rautar zuwa rumfarsa. Na iske shi ya jingina kai da katako, fanka a kashe, kayan aiki a rufe. Murtala da ba ya zama wuri ɗaya. Na gani da idona, amma rautata ce kawai a gabana.

Ya ce, "Mantau, bar ta zuwa jibi. Jikin nan ba ya yi min daɗi."

Na ce, "Kai kullum jibi. Aikin minti biyu sai an yi maka fadanci?"

Ya mayar da kansa jikin katakon. Na naɗe wayar wutar na fita, ko sannu ban yi masa ba.

Maganata ta ƙarshe da shi ke nan a duniya.

Kwana uku ina zaune babu intanet, na ƙi cire layin, na ƙi kiransa, wai ina jiran ya biyo ni ya ba ni haƙuri. Yau da safe aiki ya matse ni, na tuna tsinken nan. Na zura, na danne, na ƙirga talatin yadda na ga ya yi. Na juya rautar, ga lambobin kamfani tsaf a ƙarƙashin salatif ɗinsa. Na shigar, ta kama.

Sai saƙonni suka fara zubowa a wayata. Hoton Murtala na fara gani, da addu'a a ƙasa. Sai na ƙanensa Sanusi: Yaya Kabiru, mun kira layinka har mun gaji, ba a ɗauka.

Ina za a ɗauka? Layin yana cikin akwatin roba a kan teburina.

A can ƙasa akwai saƙon murya daga Murtala, na ranar Litinin bayan La'asar. Muryar a shaƙe, yana tsayawa yana jan numfashi.

"Mantau, yi haƙuri da ɗazu, wallahi ban iya tashi na. Abin ba wuya. Ka samu tsinke ka danne ramin nan har talatin, lambobin suna nan ƙasa inda nal liƙe maka. In ka sa sabuwar faswod ka rubuta, don Allah ka rubuta. Kuma ka hidda layin nan."

Shi ke ba ni haƙuri.

Na saurara ya fi sau goma. Na je gidansu na yi gaisuwa, na kasa kallon mahaifiyarsa. Sanusi ya ce ciwon ciki ne, ya jima yana ɓoye shi, Talata aka kwantar da shi asibiti. Ya ce Murtala ya tambaye ni sau biyu.

Da na dawo shago na duba waya. Sunan Gidan Mantau ya tafi sanda na danna tsinken nan, sai wasu haruffa da lambobi na kamfani. Da hannuna na goge shi, kuma na kasa sake rubutawa.

Layin dai na cire shi. Yana cikin wayata yanzu, ya yi ƙara sau biyu yau, duka masu ta'aziyya ne.

Ya Allah, Murtala bai taɓa mayar da ni hannu wofi ba, kada Ka mayar da shi. Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sa ciwon nan ya zama kaffara, Ka dubi matarsa da 'ya'yansa biyu.

Ni ban samu sallarsa ba. Duk wanda ya karanta wannan, ko bai san shi ba, ina roƙonsa ya tsaya ya yi masa addu'a a madadina. Ku haɗa da ni, Allah Ya sa ya yafe mini kafin ya cika.