Uwar Awo, Mai Duba Yatsu

Kafin ƙarfe bakwai ta riga ta goge bencin ɗakin awo, ta ɗauko na'urar gwajin jini, ta jera kwalaben fitsari. Shekara talatin da ɗaya ke nan kullum haka. Mata na ce mata Uwar Awo, kuma ƙarshen watan nan za ta yi ritaya.

Ba ta yarda da "lafiya lau" ba. Ta san mai cikin fari kunya ke rufe mata baki, ko da kanta na sarawa. Shi ya sa hannu take fara kamawa.

Wata rana matar wani tela ta zo da surukarta, ciki wata takwas.

Uwar Awo ta kama hannunta. "Ina zobenki, 'yata?"

"Matse ni ya yi, Inna."

Surukar ta yi dariya. "Kumburin ciki ne. Ni a nawa lokacin takalmin mijina nake sawa."

"Ke Allah ya tsare ki, Yaya. Wannan kuwa yau ba inda za ta."

Jini ya hau, fitsari ya nuna alamar haɗari. Likita ya ce a ciro jaririn a ranar, kafin jijjiga ta kama uwar. Telan ya iso da tef a wuya, ya ƙi sa hannu sai an gaya masa laifin wa ne. Gishiri ne, ko aiki ya yi mata yawa?

Uwar Awo ta zaunar da shi. Ta ce kowa da masu gadin da aka haife shi da su a jiki, wato garkuwar jiki, ba sa jiran umarni. Su ke taya mabiyiya kama wuri a mahaifa. In ba ta kama da kyau ba sai su harzuƙa, hanyoyin jini su tsuke.

"Ba laifin matarka ba ne, ba na abin da ke cikinta ba. Sai an raba ta da mabiyiyar za su lafa. Sa hannu, tela, sauran tambayar sai an fito."

Ya sa. Yarinyar da aka ciro a ranar, yau tana aji uku.

Mai gadi ya cutar da gidan da yake tsaro, ba da mugunta ba. To wa za a tuhuma? Mutum na iya kwashe shekaru yana juya wannan. Uwar Awo, ke ce kika gane cewa mai jinin da ya hau ba ta da shekarun nan, awoyi kawai take da su.

Mun gode, Inna, Allah ya saka. Ku da za ku gaji kujerarta, in mace ta ce muku lafiya lau, kada ku sallame ta tukuna.