Baffa Hammanjoda da Haɗin Rumbun Bayanan Asibitoci

Ina bakin titi a Nukkai ina jiran keke-napep zuwa ofis sai wayata ta yi ƙara. Ɗan Malam Hammanjoda ne, ya ce Baffa ya cika bayan sallar asuba. Ban ƙarasa ofis ba, gidansa na unguwar Majidaɗi na wuce, na tarar an riga an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida.

Malam Hammanjoda shi ne shugaban sashen kwamfuta a ofishin kiwon lafiya inda nake aiki, amma duk Baffa muke kiransa, Kirista da Musulmi. Aikinmu shi ne kula da manhajar da ke tattaro rahotannin ƙananan asibitoci ta zuba su a babban rumbun bayanai. A wurinsa na koyi yadda ake haɗa su: a sa adireshin rumbun, da lambar ƙofarsa, da sunan mai shiga, da kalmar sirri. Ba ya karɓar kujera daga hannun mai koyo. Yakan tsaya a bayana ne, hannuwansa a baya, ya ce, "Rifkatu, ki gwada kafin ki adana."

Ba zan manta da wata damina ba da amai da gudawa suka ɓarke a ƙauyukan Lau. A makon ne aka mayar da rumbun wani sabon wuri, haɗin ya yanke, rahotanni suka daina shigowa, ga masu rabon magani na jiran su san inda za su fara kaiwa. Wani babba ya shigo ya ce a yi amfani da sunan da ke da cikakken iko, a wuce wurin. Baffa ya ƙi, cikin ladabi. Ya ce bayanan marasa lafiya amana ne, wanda aka aika ɗebo ruwa ba a ba shi makullin ɗaki. Ya sa na gyara adireshin, na buɗe wa manhajar suna nata da izinin da take buƙata kawai, na danna gwaji. Haɗin ya kama. Kafin la'asar mota ta kama hanyar Lau. Baffa ya ɗauki butarsa ya fita.

Da ya kwanta jinya, ciwon ya yi tsanani, na je gaishe shi. Ya rame, muryarsa ta dushe, amma sai da ya tambayi lafiyar mahaifiyata. Sannan ya ce in na koma in cire sunansa daga masu izinin shiga rumbun, in canza kalmar sirri. Na ce a bari ya warke tukuna.

"'Yata, wanda ba ya kan aiki, rufe ƙofarsa ake yi. Ni na koya miki."

Washegari na yi abin da ya ce. Na daɗe ina kallon sunansa kafin hannuna ya iya dannawa.

Allah ya jiƙan Baffa, ya gafarta masa, ya sa aljanna ce makomarsa. Allah ya ba matarsa Inna Dija da yaran haƙuri, ya raya su, ya tsaya musu kamar yadda mahaifinsu ya tsaya mana. Amin.