Watannin da Likita Ya Hana Dagoberto Magana

Dagoberto Pertuz mutumin Barranquilla ne, wani birni na bakin teku, kuma mutanen bakin teku ba a san su da ƙarancin baki ba. Mahaifiyarsa kifi take sayarwa a kasuwa, a wurinta ya koyi surutu. Da ya gama karatun kwamfuta sai ya tafi Medellín, inda wani ƙaramin kamfani mai rubuta manhaja don shagunan magani ya ɗauke shi aiki.

Ya iya aikin, amma bakinsa ya fi hannunsa. In manhaja ta rikice, Dago zai jawo kujera kusa da kai, da kofin gahawa a hannu, ya warware maka ita kamar mai ba da labarin ƙwallo. Rubutu ne ba ya so. In ya yi gyara, bayanin da zai bari shi ne "an gyara". Me aka gyara, don me, sai ka taso ka tambaye shi.

Yurany Ospina, wadda teburinta ke kallon nasa, ta sha yi masa tsiya.

"Kai ɗan bakin teku, ran da mota ta kaɗe ka, kamfanin nan ma ta kaɗe."

"Haba 'yar'uwa, ai ko a gadon asibiti ne zan yi miki bayani."

Ba mota ba ce ta same shi. Muryarsa ce ta fara dushewa, likita ya ga wani tsiro a maƙogwaro, aka yi masa aiki, aka ce ya yi shiru na wasu watanni.

Ya dawo ofis ba baki. Tambayar farko da Yurany ta turo masa a rubuce, ya amsa da layi guda. Ta mayar masa: "Ban gane ba." Ya ƙara layi. "Har yanzu." Ya buga tebur don haushi, ita kuwa tana ta dariya.

A nan ya gano abin da ya daɗe yana yi bai sani ba. In yana magana, fuskar mutum yake karantawa: da ya ga an yamutsa goshi sai ya koma baya, ya kawo misali. Rubutu ba shi da fuska. Sai ya riƙa rubutu yana hango goshin Yurany, duk inda ya san za ta yamutsa shi ya tsaya ya ƙara bayani.

Da farko ya wuce gona da iri, har da barkwanci da labarin kawunsa. Mai kamfanin, Don Efraín, ya leƙo ya ce, "Dago, bayani muka nema, ba tatsuniya ba." Ya rage. A hankali ya kama zaren: abin da ya lalace, dalili, abin da ya canza, abin da bai tabbatar ba.

Muryar ta dawo, amma a shaƙe, kuma tana saurin gajiya. Yanzu shi ke jagorantar masu manhajar kamfanin. Duk abin da za a nema an jima, rubuta shi yake yi. Abu biyu ne ya ƙi yi a rubuce: yi wa mutum faɗa, da gaya wa mai shago cewa aikinsa zai makara. Waɗannan yakan tashi ya je da ƙafarsa, ya kurɓi ruwa, ya faɗa da bakinsa.