Tumatir ɗin Asabar

Shekarun baya, tun ban san akwai wata unguwa a duniya mai suna Levenshulme ba, na yi zaman shekara tara a Torino, ƙasar Italiya. Wanke-wanke nake yi a wani gidan abinci. Ni ba ɗan boko ba ne, a aji uku na sakandare na tsaya, don haka kada kowa ya tambaye ni tarihin garin. Abin da na sani shi ne tukunya, da bas, da kasuwar unguwarmu.

Kasuwar a fili take ci, a tsakiyar titi. Da sassafe motoci su zo su kafa rumfuna, kafin la'asar sun naɗe komai, an wanke wurin kamar ba a yi ba. Tsofaffin mata ne suka fi cika ta, kowacce tana jan jakarta mai taya. Kuma suna da ƙa'ida. In ka zo, ka tambayi wane ne na ƙarshe, ka tsaya bayansa. Sannan ba ka taɓa kaya da hannunka, mai kaya ne zai zaɓa maka. Ni da na tashi a Kano, inda sai ka latsa tumatir ka juya shi ka sake latsawa, wannan abu bai taɓa kwanta mini ba. Kullum ina jin ana shirin cutata.

Akwai wata tsohuwa mai kayan miya da nake saya a wurinta. Gajeriya ce, hannuwanta duk sun tsattsage. "Yaro" take ce mini da yarensu, alhali na haura talatin da biyar. Duk garin nan ita kaɗai ce take tambayata ko na yi barci. Kuma kafin ta sa hannu a kaya sai ta ce, "Na yau ne ko na gobe?" Ni dai ina amsawa. Na ɗauka surutun tsufa ne.

A shekarata ta bakwai takardun matata suka fito. Ranar wata Asabar za ta sauka, tsakiyar lokacin zafi. Na yi niyyar ta tarar da miyar da na yi da hannuna. Laraba ce kaɗai safiyar da ba ni da aiki, sai na tafi kasuwa ran nan.

Matar da ke gabana ta sayi tumatir. Tsohuwar ta zaɓo mata jajaye, masu laushi, irin wanda ana gani an san miya za ta yi kyau. Da layi ya zo kaina na ce a ba ni mai yawa.

"Na yau ne?"

"Na Asabar. Matata za ta zo daga gida."

Ta tafa hannu, ta gaya wa mai kifin da ke kusa da ita, shi ma ya yi mini murna. Sannan ta kai hannu can bayan tebur ta cika mini jakar takarda ta naɗe bakin. Na biya na tafi.

A wurin jiran bas na buɗe. Tauri kamar dutse, wasu har da kore a wuya. Nan take zuciyata ta ce: ka gani ko? 'Yar'uwarta ta ba ta ja, kai baƙo ta ba ka wanda ba mai so. Duk wulaƙancin da na haɗiye a garin nan, na mai gidan haya, na direban bas, na shugabanmu a wurin aiki, sai ya taru a kan jakar nan.

Na koma. Ban tambayi wane ne na ƙarshe ba. Na ratsa layin tsofaffi na zazzage jakar a kan teburinta, tumatir yana gangarowa ƙasa. Da ɗan guntun yaren da na iya na ce mata ni ba dabba ba ne, ta riƙe abinta ta ba 'yan'uwanta. Na faɗi wata kalma mai nufin ɓarauniya. Tsohuwar ta buɗe baki ta ce, "Yaro, ai ka ce..." Ban tsaya ba.

Na wuce wani babban kanti inda kowa yake zaɓa da hannunsa. Na latsa, na juya, na cika leda da jajaye masu laushi, ina jin na ƙwato mutuncina.

Ɗakina a can sama yake, ƙarƙashin rufi, firij ɗina kuma ɗan ƙarami ne, nama ya cika shi. Safiyar Asabar na buɗe ledar nan, wari ya dake ni. Duk sun fashe sun zama ruwa, har da ƙananan ƙudaje. Na zauna a bakin gado. Sai a lokacin tambayar nan ta dawo mini, na yau ne ko na gobe. Waccan matar da ke gabana a layi, a ranar za ta dafa. Ni kwana uku na ce.

Jirgi zai sauka da rana, ba ni da miya. Dole na koma kasuwa. Na bi ta can gefe ina sunkuyar da kai, da niyyar in saya a wata rumfa in gudu. Sai na ji muryarta.

"Yaro."

Na yi kamar ban ji ba. Mai kifin ya ce, "Kai take kira." Na je. Ta sunkuya ƙarƙashin tebur ta ɗauko jakar takardar nan ta buɗe a gabana. Jajawur, ba ko ɗaya da ya fashe. Ashe ta tsince su ɗaya bayan ɗaya ta ajiye.

"Asabar ka ce," in ji ta. Ta ɗora ɗan ganye mai ƙamshi a kai. "Wannan na amarya ne."

Na san kalmar ban haƙuri a yarensu. Sau goma nake faɗa wa shugabanmu ita a rana, ko da ba ni na fasa faranti ba. Amma a gaban matar nan ta maƙale. Na ce na gode, na karɓa, na tafi.

Da matata ta ɗanɗana miyar ta kalle ni ta ce, "Kai, Malam, ashe zaman Turai ya koya maka zaɓen tumatir." Na ce, "Eh, a hankali ake koyo."

Shekara biyu na ƙara ina saya a wurin tsohuwar. Ba ta taɓa tayar da maganar ba, ni ma ban taɓa ba. Duk Laraba ina cewa yau zan faɗa. Har muka tattara muka koma Lozells a Birmingham, ƙasar Ingila, wurin wani abokina, daga baya aikin sito ya kawo ni Levenshulme a Manchester.

Sai bara na gaya wa matata gaskiya. Muna cikin wani shago a Stockport Road, ina latsa tumatir. Ta ce, "To yanzu ni kake ba haƙurin? Ni miya na sha." Ba ta yi ƙarya ba.

Ba na cewa ba a wulaƙanta ni a Italiya ba. An yi, sosai. Amma waɗanda suka yi ban taɓa ɗaga musu murya ba, tsoronsu nake ji. Wadda ba na tsoro, wadda take tambayata ko na yi barci, ita na kira ɓarauniya a gaban mutanenta. Wannan ne abin da yake ci na har yau.

Yanzu ina zaɓa da hannuna yadda nake so. In latsa, in juya, in kai wa na'urar biyan kuɗi ta yi ƙara, in fita. Shekara goma sha ɗaya ke nan ba wanda ya tambaye ni yaushe zan dafa.