Takalman Zauren Malam Uwais

Shagon Nu'umanu mai hoto yana kusa da tashar mota ta Tambuwal, bakin hanyar Sakkwato. Na san shi ne a shekarar da na dawo gida daga karatu, na shiga neman hoton fasfo. Da fasfo da hotunan biki yake riƙe da iyalinsa, shekara ashirin da wani abu ke nan. Amma ba amare ne suka rufe bangon shagon ba. Gari ne: lungu bayan an ɗauke ruwa, indararo yana ɗiga, layin babura a inuwar dogonyaro, mahauci ta cikin hayaƙin tukuba.

Yana da ƙa'idojinsa, ba kuma a makaranta ya koye su ba. Ba ya ɗaukar gari da tsakar rana, ya ce rana tana cinye bango. Ba ya sa abu a tsakiyar hoto. Yakan raba fili gida uku a ransa, ya ajiye abin a gefe. Kullum yana neman layin da zai ja ido zuwa ciki, ko kwata ce ko wayar lantarki. Kuma yana yawan durƙuso, har wandunansa duk sun koɗe a gwiwa.

Bayan girbin bara aka shafa jan fenti a gidajen da aikin faɗaɗa hanya zai ci. Cikinsu har da zauren Malam Uwais, ginin ƙasa mai rufin azara, inda kakansa da mahaifinsa suka karantar, shi ma yake karantar da magidanta littattafai bayan la'asar. 'Yarsa Rumasa'u tana aure a Kebbe, tana koyar da matan unguwarsu. Ta bayan bangon zauren nan ta fara jin karatu. Ita ta kira Nu'umanu a waya, saura kwana huɗu a rushe, ta ce tana son hoton zauren da mutanensa.

Matsalar ita ce Malam bai taɓa yarda a ɗauki hoton mutum a gidansa ba.

"Ƙasa da icce ban hana ka ba," ya ce wa Nu'umanu. "Mai rai ne ban yarda ba."

Ranar farko Nu'umanu ya ɗauki zauren babu kowa, haske yana shigowa ta ƙofa ya kwanta a kan buzu. Ya tura wa Rumasa'u ta waya. Ta ce, "Malam Nu'umanu, wanga ai kango ne. Ina mutanen?"

Rana ta biyu ya kafa kyamara a kan sandarta mai ƙafa uku, ya bar idonta a buɗe na daƙiƙa uku yayin da ake shiga karatu. Bango ya fito tsaf, masu tafiya suka zama farin dishi-dishi, babu fuska ko ɗaya. Malam ya sa tabarau ya duba.

"Waɗanga da ka tashi awa hayaƙi, ɗalibaina ne ko aljannu?"

Nu'umanu ya goge hoton a gabansa.

Rana ta uku na bi shi. Da aka shiga karatu sai ya tsaya yana kallon takalman da ke waje, barbaje daga bakin ƙofa har gindin wata bishiya can tsallaken fili. Ya ce mini ga mutanen nan, kuma babu mai rai. Sai dai barbajewar ta dame shi. Ya tattara su duka, ya jera su a layi ɗaya mai ɗan lanƙwasa daga kwata zuwa ƙofa, ya sa wani farin sau-ciki a ƙarshen layin, bakin ƙofa, saboda shi ya fi kama haske. Ni kaina na ga hoton ya yi kyau. Na daɗe ba na gida, ban lura da komai ba.

Da aka tashi, Malam ya karɓi kyamara ya daɗe yana kallo.

"Takalmin wa na nan bakin ƙofa?"

Mai takalmin, Mudassir, ma'aikacin sakatariya ne da bai shekara biyu a zauren ba. Ya leƙa, ya sunkuyar da kai.

"Wallahi, Allah gafarta Malam, can gindin icce na tuɓe su."

Na'iya, wani dattijo mai shanu da ke zuwa daga Sanyinna, ya gano nasa takalmin na roba a bakin kwata.

"Shekara arba'in ina matsowa, mai hoto ya mai da ni baya cikin minti guda. Kai Mudassir, yaushe anka naɗa ka?"

Aka yi dariya, ban da Mudassir da Nu'umanu. A zauren nan ba a tuɓe takalmi inda aka ga dama. Sabon ɗalibi daga nesa yake tuɓewa, ya tako sauran filin da ƙafa. Da shekaru, da mutuwar na gabansa, yake matsowa. Babu wanda ya taɓa shata layi, amma kowa ya san wurinsa. Nu'umanu haifaffen garin ne, ya san haka sarai. Idonsa ne ya tafi wurin layi da haske.

Malam ya miƙa masa kyamarar. "Ya yi kyau. Amma in ɗiyata ta gani, cewa za ta yi gidan ubanta ya watse tun ba a rushe shi ba."

Ranar ƙarshe Nu'umanu bai taɓa komai ba. Ya je bayan takalmin da ya fi nisa, ya kwanta rub da ciki, ya ɗora kyamara a kan bulo. Yana son na kusa da na nesa duk su fito sarai, don haka ya ƙuntata idon kyamarar, wanda ke nufin ba ta son ko ɗan motsi. Ya jira rana ta sauko ta ba kowane takalmi inuwarsa. Babur ya wuce, ya jira ƙura ta kwanta. Ƙofar zauren ya ajiye ta sama a gefen dama, cikinta duhu, ba a ganin kowa. Sau uku ya danna.

Malam ya duba, ya cire tabarau. "Kai mata."

Washegari aka rushe zauren. Nu'umanu ya wanke hoton babba, ya hau mota da kansa zuwa Kebbe. Shi ya ba ni labarin abin da ya biyo baya. Mijin Rumasa'u ya shiga da hoton ciki, Nu'umanu yana zaune a soro yana jin muryarta. Ta fara daga bakin ƙofa tana kiran sunaye: na Baba, na Baba Na'iya, na Kawu Lauwali da aka ɗinke wa maɗauri, haka har tsakiyar fili. Sai mijin ya fito da tambaya: silifas ɗin nan shuɗi da ke can baya, na wane ne?

Nu'umanu ya ce na wani manomi ne daga Fakku, a makon ya fara zuwa.

Ya ji ta ce daga ciki, "Ashe har ranar ƙarshe Baba yana karɓar sababbi." Sannan ta aiko a tambaye shi ko akwai ƙusa a jakarsa, ta rataya hoton.