Rabin Saƙon da Na Kai wa Inna

Me ya sa na kai rabin saƙo? Na tsufa, na binne miji, ban samu amsa ba. Rubuta yadda na faɗa, kada ka gyara mini.

Ranar wata Lahadi ce cikin bazara, ina shekara bakwai, Turawa ba su daɗe da cin ƙasar ba. Gidanmu yana bakin hanyar Kalmalo, rijiya a ƙofa. Aikina jan guga da korar awaki daga kwamin ruwa. Baƙo kuwa in ya sauka, Inna takan fara shayar da abin hawansa, doki ne ko jaki, kafin ta kai masa nasa. Muna wasan carafke ni da ƙawayena sai ga wani Bature a kan babur, tafintansa a baya, suka tsaya bakin rijiya. Ba mu taɓa ganin irinsa ba. Babur ɗin yana huci yana tururi, muka watse da ihu. Baturen ya wuce inuwar tsamiya. Tafintan ya yafito ni, ya nuna wani murfi a jikin babur ɗin ya ce, "Yarinya, ce wa uwarki ƙishirwa yake ji. In ya huce a buɗe nan a zuba masa ruwa."

Na ruga ɗakin girki ina murna an aike ni. "Inna, dokin Nasara na jin ƙishirwa, an ce a buɗe a ba shi ruwa!"

Ta zo da ƙwaryarta, ta sa gefen zane ta murɗa murfin kamar na tukunya. Wayyo Allah! Tafasasshen ruwa ya yi tsiri ya watsu mata a fuska da ƙirji. Ƙwaryar ta faɗi. Baturen ya sheƙo yana ihu da harshensa, ni kuwa na sandare, ko kuka na kasa.

Yanzu jikana bakanike ne a Illela. Ya ce ko ɗan koyo ya san ba a buɗe lagireto, wato tukunyar ruwan injin, da zafi, kuma ruwan ma na musamman ne, kore, a gora. Mu wa ya gaya mana? Ni kaɗai aka gaya wa.

Kwana tara ta yi a kwance kafin ta rasu, ana shafa mata zuma, ƙunar tana ruɓa. Ran na tara da hantsi na durƙusa kusa da kanta ina kuka na ce, "Inna, mutumin nan cewa ya yi in ya huce."

Tsakanin rijiya da ɗakin girkinta ko kira da ƙyar ake ji. Amma ta lalubo hannuna ta ce, "Mi kike ma kuka, ɗiyata? Ai na ji shi da kunnena. Ni ce na yi sauri."