Ƙurar da Na Kwaso wa Ɗiyata a Bayan Motar Sintiri

Edita, ina yi maka sallama tare da masu karatu. Ina roƙon a buga wannan wasiƙa ba tare da sunana ba.

Lokacin da abin nan ya faru ni kofur ne, direban motar sintiri a wani ofishin 'yan sanda a yammacin Zamfara, wanda ba zan faɗi ko wanne ba ne. Shekaruna talatin da 'yan kai. Ina da mata, da ɗiya ɗaya 'yar shekara uku, sai Inna mahaifiyata, wadda ta dawo wurina da zama bayan rasuwar Baba. Ba na shan taba, ba na caca, ban taɓa tsayawa a kan titi ina miƙa wa direbobi hannu ba. Saboda haka nake ganin na fi abokan aikina tsoron Allah, har nakan yi musu wa'azi idan muna zaune.

Ofishinmu ba shi da katanga, har sau biyu ana kwance batirin motar. Sai shugabanmu, wanda muke kira Oga, ya ce idan na tashi aiki in riƙa tafiya da ita gida, tunda gidan da nake haya yana da fili da ƙofar langa-langa, kuma in an kira ni sai in taho da sauri. Ya ja mini kunne cewa ta aiki ce kawai. Amma ba a yi sati biyu ba shi da kansa ya aike ni Gummi in kwaso masa siminti, da Sallah ta matso kuma na ɗauko masa raguna. Sai na ce a raina, tunda mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi, ni me zai hana ni? Na fara da kai matata asibiti. Daga nan na kwaso geronmu daga gona. Kafin wani lokaci duk unguwa ta san motar: ita ke kai kayan biki, ita ke kai gawa maƙabarta. Dattawan da suka girmi Baba suna ce mini Yallaɓai, ni kuwa kaina na ƙara girma.

A cikin wannan hali wani abokina ya same ni, wanda muka tashi tare tun muna kiwon awaki. Shi ya daɗe da shiga harkar haƙar zinari. Ya ce damuwarsu ɗaya ce, ɗauko buhunan dutse daga ramukan da ke wajen Sunke zuwa wurin masu injin niƙa a Tungar Daji, don shingayen bincike sun yi yawa, kowane shinge sai an sauke kaya an yi ta jayayya. Motata kuwa babu mai tsayar da ita. Ya ce ranar hutuna kawai zan riƙa yi, sau ɗaya a sati, ba sata ba ce, ba makami ba ne, dutse ne na Allah. Na yi kwana biyu ina juya maganar, a na uku na amsa. Nakan sa kayan gida, in ajiye hular aiki a gaban gilashi inda kowa zai gan ta, in rufe buhunan da tamfol. A shinge sai dai a ɗaga mini hannu, wasu har su sara mini. Abin da yake ba ni ya canza mana tukunya, na saya wa matata atamfa, na saya wa Inna bargo. Na gaya musu alawus ne aka ƙara mana.

Buhunan nan tsofaffi ne, suna yoyo, wani lokaci kuma niƙaƙƙen garin dutsen nake ɗaukowa in kai wurin da ake wanke shi a fitar da zinari. Kullum na dawo bayan motar cike yake da wata ƙura mai laushi, launin toka. Sai in ɗauki tsintsiya in share ta a tsakar gida, nan inda nake ajiye motar. Ba wai ban san labarin gubar dalma ba. Duk wanda ke zaune a ƙasar Anka da Bukkuyum ya san yadda ta kashe yara a ƙauyukan da ake niƙa dutse a cikin gida. Amma na ce ai ni ba niƙa nake ba, ɗan abin da ya zube bai taka kara ya karya ba.

Muna da maƙwabciya Kirista, ma'aikaciyar jinya daga Filato, wadda kowa ke kira Sista. Ta daɗe a yankin, kuma tana cikin waɗanda suka yi jinyar yaran ƙauyukan nan. Wata safiya ta shigo karɓar garwashi ta tarar ina shara. Ta dangwali ƙurar ta murza a yatsunta, ta tambaye ni daga ina. Na ce yashi ne na kai wa Oga wurin gininsa. Ta dube ni ta ce, "Kofur, na wanke gawar yara da hannuna saboda irin wannan ƙurar. In ba yashi ba ne, don Allah ka kai motar nan rafi ka wanke, kada ka bar yarinya kusa da ita." Na yi dariya na ce ta cika tsoro. Ban wanke ba, don ina gudun a gan ni ina wanki a fara tambaya.

Ita kuwa ɗiyata babu inda take so kamar bayan motar. Ranar da nake gida takan sa in ɗaga ta in ɗora, ita da 'ya'yan maƙwabta biyu, su wuni suna tuwon ƙasa. A nan take cin ƙosanta, ya faɗi ta ɗauka ta mayar baki. Matata ma ta gano cewa awaki ba sa iya hawa, sai ta riƙa shanya wankakken gero a ciki, wanda da shi take dama wa yarinyar kunu. Ina zaune a kan tabarma ina kallo. Sau da yawa maganar takan zo mini har baki, sai in tuna in na hana dole in faɗi dalili.

Bayan wata huɗu ko biyar yarinyar ta fara ƙin abinci. Sai amai, sai ciwon ciki, sai kuka marar dalili, yarinyar da da ba ta rufe baki don surutu ta koma zama shiru a gefe. Muka ba ta maganin zazzaɓi, babu sauƙi. Inna ta ce wannan ba ciwon asibiti ba ne, kamu ne. Akwai wata Bafulatana, dattijuwa, da ke kawo mana nono kullum da hantsi. Tana son yarinyar ƙwarai, takan ɗauke ta ta goya, ta ba ta ɗan man shanu a tafin hannu. Inna ta ce ita ce ta kama kurwarta. Ranar da matar ta zo, Inna ta tare ta a ƙofar gida a gaban jama'a, ta kira ta mayya, ta ture ƙwaryar nonon ta kife. Matar nan ta durƙusa tana tattara ƙwaryarta tana kuka, tana rantsuwa da Hausarta da ba ta nuna ba, ta ɗago ta dube ni, don ni ne hukuma a wurin. Edita, a lokacin zuciyata ta riga ta gaya mini abin da ke damun ɗiyata. Na juya na shige gida. Daga ranar babu wanda ya ƙara sayen nononta a unguwarmu.

Ko wannan bai sa na daina ba. Sati biyu bayan haka, ranar hutuna, yarinyar ta tashi jikinta ba ƙarfi. Matata ta roƙe ni in zauna, ko in kai su asibiti tukun. Na ce aiki ne na gaggawa Oga ya kira ni, in na dawo ma tafi. Na kama hanyar ramuka, inda babu sabis ɗin waya. Da hantsi yarinyar ta fara jijjiga, idanunta suka kafe, kumfa na fita a bakinta. Matata ta kira wayata har ta gaji. Ta fita da gudu ko mayafin kirki babu, ta je ofishinmu tana roƙo a kira ni ta oba-oba, rediyonmu na aiki, a ce in dawo da mota. Suka ce mata ai yau hutu nake, mota kuma tana gidana. Sista ce ta saɓa yarinyar, suka hau babur ɗin kabu-kabu su uku har asibitin Anka, tafiya mai nisa a kan hanya marar kyau, tana jijjiga a hannunsu. Ni ban dawo ba sai bayan la'asar, da ƙura har a gashin idona.

A asibiti aka ɗebi jininta, aka ce gubar dalma ce, kuma ta yi yawa. Likita ya tambaya ko ana niƙa dutse a gidanmu. Matata ta rantse da Allah ba ta taɓa ganin dutsen zinari da idonta ba, mijinta ɗan sanda ne. Ya juyo gare ni, na ce ban san inda ta samo ba. Bayan kwana uku ma'aikata suka biyo mu gida da wata na'ura da suke ɗorawa a ƙasa. Suka gwada ɗaki, suka gwada madafa, suka gwada bakin rijiya. Da suka zo inda nake ajiye mota sai mai riƙe da na'urar ya kira ɗan'uwansa. Suka hau bayan motar suka gwada, suka sauko suka ce kowa ya matsa. Sista na tsaye. Ba ta ɗaga murya ba, ta ce, "Kofur, yashin Oga ke nan?" A nan na durƙushe na faɗi komai, a gaban Inna, a gaban maƙwabta.

Matata ba ta zage ni ba, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Cewa ta yi, "Da hannuna na shanya geron ga, da hannuna na dama mata kunu na ba ta. Kana zaune kana kallona. Mi na yi maka?"

Aka kankare ƙasar tsakar gidanmu aka kwashe, aka zuba sabuwa. Aka gwada 'ya'yan maƙwabtan nan biyu, su ma aka samu a jininsu, sai dai Allah Ya sa nasu bai yi nisa ba, suka sha magani suka warke. Ubansu, wanda muke sahu ɗaya a masallaci, bai ƙara amsa sallamata ba har muka bar unguwar. Ɗiyata ta yi makonni a asibiti. Ta rayu, amma likita ya ce abin da gubar da doguwar jijjigar suka taɓa a ƙwaƙwalwarta ba zai dawo ba. Ya ce da an kawo ta tun farkon ciwon da labarin ya bambanta.

A wurin aiki aka gurfanar da ni. Shugaban da na yi wa dakon siminti da raguna ya miƙe ya ce shi bai taɓa sanin ana fita da motar ba a kan aiki ba, kuma ya sha gargaɗina. Waɗanda suka sha roƙona in kai musu iyali ƙauye suka sunkuyar da kai. Aka karɓe kakin, aka sallame ni. Ban ce an zalunce ni ba, na cancanci fiye da haka, amma ni kaɗai aka yanka alhali mu da yawa muka ci naman. Na je wurin abokina, ba don ya ba ni komai ba, don dai in ji ko zai ce mini sannu. Ya ce shi dutse ya ce in ɗauka, bai ce in kai wa iyalina ƙura ba. A satin ya samu wani direban. Yanzu Alhaji ne, yana da gidan bene, a sahun gaba yake salla.

Inna ba ta ƙara samun sukuni ba. Kullum sai ta ce in nemo mata Bafulatanar nan ta roƙe ta gafara. Na je rugarsu na tarar sun tashi saboda rashin zaman lafiya, babu wanda ya san inda suka nufa. Na tambaya a kasuwar Bukkuyum, na tambaya a Gummi wurin masu nono, ban dace ba. Inna ta rasu da wannan nauyin a ranta, ni kuwa na san ba nata ba ne, nawa ne. Matata ta tafi gidansu ta yi kusan shekara, ta dawo saboda yarinyar. Tana yi mini girki, tana gaishe ni da safe, amma ko cewa na yi ana ruwa a waje sai ta leƙa ta gani da idonta.

Yanzu bas nake ja ta wani mutum tsakanin Gummi da Anka. A hanya ina ganin motocin hukuma, ba na 'yan sanda kaɗai ba, ɗauke da buhuna, da itace, da 'yan biki, direba ya sa kayan gida yana taƙama. Ga 'yan'uwana da aka damƙa wa makullin irin wannan mota nake magana. Ba taku ba ce, amana ce, kuma ranar da ka fara cewa ɗan wannan ba komai, ka buɗe ƙofar da ba ka san mai shigowa ba. Duk wanda ya zo yana lallaɓarka don ba a tsayar da motarka a shinge, ba kai yake so ba, kuma ba za ka gan shi ba ranar da ta ɓaci. Kada ka dogara da cewa na sama da kai ma yana yi, don shi zai fara tsame hannunsa. Ku kuma mata, in miji ya fara shigo da abin da albashinsa bai kai ba, ku tambaya. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba jahilci ya kai ni ba. An gaya mini, na ji, na kuma samu dama fiye da sau goma in buɗe baki in ceci ɗiyata, amma na zaɓi in rufa wa kaina asiri.

Ɗiyata shekararta goma yanzu. Sa'o'inta suna aji huɗu, ita kuwa kalmomin da take iya faɗa ba su da yawa, sai an ba ta abinci a baki. Duk gidan ita kaɗai ce ba ta san abin da na yi ba, kuma kullum na dawo ita ke fara tarbata a ƙofa, tana jan ƙafa, tana dariya, tana cewa Baba.